Rigar da Bai Kamata Ya Wanke Ba

"Ina rigar?"

Ko sallama Auta ba ta yi ba. Wata tsohuwar leda ta dangwarar a kan kantar shagon, babu komai a cikinta, an farke bakinta da almakashi.

Mai Guga ya ɗago daga kan wandon da yake gogewa. Da ya ga ita ce sai fuskarsa ta washe da irin murmushin nan da ya sa ta yarda za ta aure shi nan da sati uku. Ya jingine dutsen guga, ya shige ciki da sauri kamar wanda zai ɗauko kyauta, ya dawo da ƙunshi a farar takarda an ɗaure da zare.

"Da hannuna na wanke ta, Malamata. Ban bari ta shiga inji ba."

Auta ta kalli ƙunshin, ba ta taɓa shi ba.

"Ka... wanke ta?"

Shuɗiyar doguwar riga ce mai yagaggen aljihu. Ita ce a jikin Umma ranar da aka kai ta asibiti, ita aka miƙo musu a leda bayan kwana tara, ranar da Umma ta rasu. Shekara huɗu ke nan Auta ba ta bari ruwa ya taɓa ta ba. Ta ƙulle ledar ƙulli uku, ta tura ta can ƙuryar durowar kaya. Sai ranar da duniya ta yi mata zafi take kwancewa, ta cusa fuskarta ciki, ta shaƙi abin da ya rage na mahaifiyarta, ta yi maza ta mayar ta ƙulle kada ya ƙare.

Kuma ya sani. A nan kan wannan bencin ta zauna ta ba shi labarin, har launin rigar da yagewar aljihun ta faɗa masa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Ka gane ta ko ba ka gane ta ba?"

Murmushin ya gudu daga fuskarsa.

"Na gane ta."

"Ka gane ta, ka tsoma ta a ruwa."

Ya fara bayani. Wai a cikin buhun kayan da aka aiko ya same ta, ba leda, sai ya ɗauka ta yanke shawara ne da kanta, har ya yi farin ciki. Wai akwai wani abu a jikin rigar da yake so ta gani, ta daure ta buɗe ƙunshin kawai.

"Waya tana aljihunka. Da za ka sayi labule sau uku ka kira ni a kan launi. Amma a kan uwata ba ka ga dalilin kira ba?"

"Na yi kuskure, hasken idona. Ki buɗe..."

"Kada ka sake kirana haka."

Wata mata da ta zo karɓar zannuwan gado ta ja da baya ta lafe a jikin ƙofa. Auta ba ta damu da ita ba. Ta gaya masa shi komai datti ne a idonsa, ko kukan mutum aka ba shi zai sa masa sabulu. Ta gaya masa abu ɗaya tak ya rage mata a duniya, shi kuma ya zubar da shi a kwata. Tana faɗa tana jin maganganun suna yi mata ɗaci a baki, amma ta kasa tsayawa.

"A mayar mini da kayan Umma duka, buhu ukun nan. Ba zan ba kowa ko ɗankwali ba. Wannan kuma ka riƙe, ba rigarta ba ce yanzu, taka ce."

Ta juya. A bakin ƙofa ta tsaya da ledar a hannunta, ba ta waiwayo ba.

"Maganar aure kuma... na fasa."

*

Dama ba da son ranta aka fara kwashe kayan ba.

Durowar ɗakinta ƙofa huɗu gare ta, uku cike suke da kayan Umma tun daga sama har ƙasa. Nata kayan a ƙofa ɗaya suke cunkushe, rabin wurin ma littattafai sun cinye, don aikinta ke nan, a ɗakin karatu take jera littafi tun safe har yamma. Ɗakin da Mai Guga ya kama musu kuwa, durowarsa ƙofa biyu ce, siririya. Yaya, babbar yayarsu da ke aure a ɗaya ɓangaren gari, ita ta zo ta tsaya a kanta. Ta ce kaya ba a ajiye su don ƙwari, ga mata can a gidan marasa galihu ba su da na sawa. Kwana biyu suka yi suna ja, Auta na ciro riga daga buhu Yaya na mayarwa. Daga ƙarshe suka shirya a kan za a wanke komai a shagon Mai Guga a bayar, ban da shuɗiyar rigar.

Yanzu ga buhunan sun dawo, a wanke a goge. Auta ta rufe ƙofa ta shiga mayar da su ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, har hanga biyu suka karye. Da ta gama ta jingina da durowar tana haki. Komai ya koma wurinsa. Ƙuryar can ce kawai babu komai.

Wayarta ta yi ƙara sau goma sha ɗaya a ranar, duk kiran Mai Guga ne. Ta kife ta a ƙarƙashin filo.

Ta kira Yaya ta zazzage mata, don ta tabbata ita ce ta haɗa rigar cikin buhu garin rawar kanta. Yaya ta rantse ba ta ko leƙa ƙuryar ba. Auta ta katse wayar tana cikin rantsuwar.

Mutum ɗaya ne a gidan abin bai dame shi ba.

Gwaggo, ƙanwar Abba, wadda ta zo zaman kwana bakwai bayan rasuwar Umma ba ta koma ba har yau, ta wayi gari tana 'yar waƙa a kicin. Tun farko ba ta son zancen auren. Takan ce yarinya mai digiri ta rasa wanda za ta aura sai mai wanke wa mutane singileti, alhali ga ɗan ƙawarta Mai Kemis, shago biyu gare shi da mota mai sanyi. Abba dai ya ce shi ba ya zaɓa wa 'ya'yansa miji, yaron yana da sana'a yana da kunya, ya ishe shi. Da Auta ta gaya masa ta fasa, sai ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta, ya ce ba zai sanar da kowa ba sai nan da sati, in har lokacin tana kan bakanta.

A kwana na uku Mai Kemis ya zo, wai wucewa yake yi. Gwaggo ta tura Auta falo da tiren ruwa. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana kaɗa makullin mota, ya ce ya ji labarin abin da ya faru, ai ba abin damuwa ba ne, shi zai iya saya mata shuɗayen riguna goma a yau ɗin nan. Auta ta dube shi. Ta tambaye shi ko a kemis ɗinsa ana sayar da maganin yawan magana, in akwai ya fara gwadawa a kansa. Ta ɗauke tiren tun bai sha ba.

Abin haushin, tana komawa ɗaki ta ga ta ɗauko waya za ta ba Mai Guga labarin, don shi kaɗai ne zai yi dariyar yadda ya kamata.

Ta yi jifa da wayar kan gado.

Ta tsane shi. Ta tabbata ta tsane shi. Sai dai a wurin aiki sau biyu tana jera littafin lissafi a layin tarihi, har shugabarta ta tambaye ta ko lafiya.

*

Ranar Asabar da hantsi Yaya ta zo, ba a kira ta ba. Ta tarar da Auta zaune a ƙasa gaban durowa, ƙofofi huɗu a buɗe. Ta kalli kayan da aka mayar, ta riƙe ƙugu.

Aka fara. Yaya ta ce ita ma uwarta ce, ita ta yi jinyar ma, amma ba ta mayar da ɗakinta maƙabarta ba. Auta ta ce ai ita Yaya ta samu shekara talatin tare da Umma, ita kuwa sha tara kawai aka ba ta, kada wanda ya ƙirga mata yadda za ta yi kewa. Murya ta hau murya, har Gwaggo ta taho daga kicin da ludayi a hannu, wai rabon faɗa.

"Ke ma dai Auta da neman rigima. A kan wannan tsummar? Wallahi alheri aka yi miki. Riga duk warin asibiti da fumfuna, ni da na buɗe ledar sai da na toshe hanci..."

Auta da Yaya suka juyo gare ta.

Gwaggo ta kalli ludayin hannunta kamar shi ya yi maganar.

Auta ta miƙe a hankali.

"Ke kika buɗe ledar, Gwaggo?"

Gwaggo ta ce to in ita ce fa? Gyara ta yi. Ta ce ta san halin masu wanki, duk abin da suka gani sai sun jiƙa, ta so Auta ta gani da idonta irin mutumin da za ta ɗauka. Kuma ga shi ta gani. Ita ba ta ce masa ya wanke ba, cusawa kawai ta yi a buhu, sauran shi ya ƙarasa da kansa.

Auta ba ta taɓa ɗaga wa babba murya ba. Yau ma ba ta ɗaga ba, amma kowace kalma sai da ta fito da nauyinta.

"Shekara huɗu kina kwana a gidan Umma, kina girki a tukunyarta. Kika sa almakashi a abu ɗaya da na roƙa a bar mini, don ki raba ni da wanda nake so. Allah ya isa ban iya faɗa miki ba, Gwaggo, don jinin Abba ce ke. Amma daga yau kada ki sake taka ɗakin nan."

Gwaggo ta fita tana sababi, tana cewa za ta gaya wa yayanta. Yaya ta ce ta bari, ita za ta riga ta gaya masa. Sannan ta zauna a bakin gado, ta sassauta murya.

"To kin ji. Sai ki je ki ba bawan Allah haƙuri."

"Haƙurin me? Gwaggo ta haƙa rami, shi kuma ya gan shi sarai ya taka. Da bakinsa ya ce ya gane ta."

Ta yafa mayafi duk da haka. Ta ce rigarta za ta karɓo, ko tsumma ce ba za ta bar ta a hannun wani ba.

*

Shagon na nan yadda yake. Injin wanki na gurnani a ciki, riguna a rataye layi-layi cikin leda, tururi na tashi daga teburin guga. Shi ne dai ya canza. Ya rame, kuma abin da ba ta taɓa gani ba, rigar jikinsa a yamutse take.

Bai yi murmushi ba. Ya ɗauko ƙunshin daga saman katakon jera kaya, inda ya ajiye shi shi kaɗai, ya ɗora a gabanta.

Ta gaya masa ta san wadda ta sa rigar a buhu. Ya ce ya yi zargin haka daga baya, don Gwaggo ce ta kawo buhunan da kanta, har tana jaddada masa a wanke komai tas.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ba ita ta tsoma ta a ruwa ba. Ni ne."

Auta ta so ya musa. Ta zo da maganganu cike da baki, ta tsara su tun a mota, amma ya hana ta wurin sauke su. Haushi ya ƙara kama ta. Ta fizgi zaren ƙunshin, wai bari ta ga irin ɓarnar da ya yi, ta yaye takardar.

Sai ta tsaya cak.

Ba ganin rigar ne ya tsayar da ita ba.

Ƙamshin ne.

Ɗan sitaci kaɗan, zafin dutsen guga, da wani abu a ƙarƙashinsu mai ɗumi mai ɗan yaji. Nan take ta ga kanta tana 'yar shekara bakwai a bakin ƙofa da safe, Umma ta sunkuyo tana ɗaure mata igiyar takalmi, jakar makaranta a kafaɗa, rajistar ɗalibanta a hammata, tana cewa yi sauri Auta za ki sa in makara. Ta ji kumatunta a jikin rigar Umma. Ta ji muryar, ta ji dariyar.

Shekara huɗu tana shaƙar leda, ba ta taɓa ganin wannan Umman ba. Wadda take gani kullum ita ce ta kan gadon asibiti, da robar ruwa a hannu, leɓe a bushe.

Ta zauna a kan bencin.

"Me... me ka sa mata?"

Ya zagayo, bai matso sosai ba. Ya ce ta juya gefen rigar daga ƙasa, ta ciki. Ta juya. Ga wasu 'yan ɗinki uku na jan zare, ƙanana, a jere. Ta sha ganinsu, ta ɗauka gyaran tela ne.

Ya ce alamar mahaifinsa ce, Allah ya jiƙansa. Tsohon bai iya rubutu ba, da zare yake gane kayan kowa. Tsohon shagonsu yana bayan wata makarantar 'yan mata ne a can ƙetaren gari, kafin a rushe layin shi ya dawo nan. Jan zare uku na wata malama ce da ke ajiye kaya duk Litinin in za ta shiga aji. Ba ta son sitaci da yawa, ba ta son a yi wa hannun riga kari, kuma ita ta kawo dokar a jiƙa kanumfari biyar a ruwan da ake yayyafawa kafin guga. Ba a yi wa kowa haka sai ita.

"Shekara shida ina goge kayan mai jan zare uku, ban taɓa ganin fuskarta ba, Baba ke karɓa. Da na juya rigar nan na ga zaren, sai da na zauna. Ashe surukata na yi ta yi wa guga ban sani ba. Murna ta rufe mini ido, Malamata. Na ce bari in yi mata yadda take so, in ba ki mamaki. Ban tsaya na tuna abin da zan wanke ba zai dawo ba. Wannan laifina ne, ba zan rage shi ba."

Auta ta ce ai sauran kayan buhun ba su da wannan ƙamshin. Ya ce su ma'aikatansa ne suka zuba a inji, wannan kaɗai ya ware.

Ta cusa fuskarta cikin rigar ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba tun ranar rasuwar. Bai ce ta yi shiru ba. Ya je ya kashe injin, ya janyo ƙofar shagon, ya dawo ya tsaya nesa kaɗan yana jira.

Da ta ɗago, idanunta sun yi jawur.

"Har yanzu ina jin haushinka."

"Na sani."

"Wancan ƙamshin ma nata ne. Ko na ciwo ne, nata ne, kuma ba kai ke da ikon raba ni da shi ba."

"Haka ne."

"Daga yau ko hankicina ka tsinta, sai ka tambaye ni kafin ka jiƙa."

Ya ɗago da sauri. "Daga yau... har zuwa yaushe?"

Ta share hanci da gefen mayafi, ta harare shi.

"Ban huce ba fa. Cewa kawai na yi ban fasa ba."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya dafa kantar shagon kamar zai faɗi. Ya ce ta ɗauki duk lokacin da take so, ai rabin sana'arsa jiran kaya su bushe ne. Ta ce ya fara da goge rigar jikinsa, abin kunya, mai guga guda.

*

Da yammar ranar ta kira Yaya ta ce ta dawo su sake cika buhunan.

Wannan karon ba wanda ya ja da wani. Auta ke cirowa, tana ninkewa, tana juya gefen kowace riga. Kusan rabinsu suna da jan zare uku. Wata ta sa su dariya, wata ta sa su yin shiru, amma duk cikin buhu suka tafi. Gwaggo ba ta leƙo ba. Tana can tana haɗa nata kayan, don Abba ya gaya mata cikin ruwan sanyi cewa kwana bakwan nan sun cika.

Da suka gama, ƙofofi uku suka tsaya a buɗe, babu komai sai hanga suna lilo. Yaya ta ɗago tsohuwar ledar da aka farke, ta tambaya ko a nemo sabuwa a sa rigar.

Auta ta karɓi ledar ta jefa a kwandon shara.

Aka ɗaura auren a ranar da aka sa, ba a ɗaga ko kwana ɗaya ba. Litinin ɗin farko da za ta koma aiki, Mai Guga ya fito daga wanka ya same ta gaban siririyar durowarsu, shuɗiyar rigar a jikinta. Ta ɗan yi mata tsawo. Ta ɗinke aljihun da kanta, ɗinkin a karkace.

Ya tsaya yana kallonta.

Ta rataya jaka a kafaɗa, ta ɗauki littattafanta a hammata.

"In na dawo za ka wanke mini ita," in ji ta. "Ni na ce. Kanumfari biyar, kada ka ƙara ko ɗaya."